Asabar ta Uku

Abin da ke gabana a wancan makon shi ne: kasuwannin ƙauye uku, manoma wajen ashirin da suka saba ajiye mini wakensu, mako biyu kafin kaka ta wuce, sai kuma gawar mahaifina.

Ni dillalin wake ne a Maiduguri. Da buhu ɗaya na fara, ba wanda ya ɗaga ni. A cocinmu, in batun amfani da lokaci ya taso a zumuntar maza, ni ake miƙa wa koyarwa. Nakan ce musu Allah ne farko, iyali na biye, sana'a a ƙarshe. Na iya tsara magana, ba ƙarya.

Baba ya rasu ranar Talata a gidanmu na Bulumkutu. Maƙwabtanmu Musulmi sukan rufe mamacinsu kafin rana ta faɗi. Mu kuwa mukan kai gawa ɗakin ajiya, ɗan fari ya sa rana. Matar mamaci ta zauna a tabarma tana karɓar gaisuwa, ba ta fita sai an rufe, ranar kuma a buɗe mata akwati ta ga fuskarsa sau ɗaya. Ni ne ɗan fari.

Fasto ya ce a yi Asabar mai zuwa. Na ce Asabar ta uku, domin 'yan'uwa na nesa su samu zuwa.

Ƙanwata ta dube ni. "Yaya, waɗanne 'yan'uwa? Masu shiga buhu?"

"Ke za ki ciyar da baƙin?" na ce mata. 

Mama ta ce, "Ɗana, zafin garin nan ba ya jiran kowa. Ka bar ni in ga mijina."

Na ce, "Za ki gan shi, Mama. Ba inda za shi."

Haka na faɗa. Kashegari na hau mota.

Ban tsallake sujada ko ɗaya ba. Kowace Lahadi ina gari, in fito coci in tsaya Bulumkutu na rabin awa, in sauke shinkafa da mai. Mama tana wuri guda, ƙafafunta sun kumbura, matan zumunta na yi mata waƙa. Ba ta sake roƙona ba, ni kuma na ɗauka ta fahimta.

Ranar da muka je ɗauko gawar, ma'aikacin wurin ya ja ni gefe. Ya ce an daɗe ba wuta, injinsu kuma ya tsaya kwana biyu a makon da ya wuce. Ya ba ni shawara kada a buɗe akwatin. Na leƙa da kaina, sannan na sa aka buga ƙusa.

A coci, da aka zo wurin gani na ƙarshe, Mama ta taso, mata biyu na riƙe da ita. Ta shafa murfin, yatsunta suka tsaya a kan ƙusoshin. Ba ta yi kuka ba. Ta juya wajen Fasto, da muryar da har na bencin baya suka ji, ta ce, "Ranar da na mutu ku rufe ni a ranar, kamar maƙwabta. Kada ku jira shi. Yana da aiki."

Shekara huɗu ta ƙara. Takan amsa gaisuwata, ta ci abin da na kawo. Da ta rasu ina hanyar wata kasuwa, ƙanwata ba ta kira ni ba sai da suka baro makabarta.

Waken waccan kakar shi ya buɗe mini shago na biyu a Gomari, yana nan har gobe. Manomi ko ɗaya bai kuɓuce mini ba. Iyaye kuwa biyu Allah ya ba ni: ɗaya na rufe shi da ƙusa, ɗaya aka rufe ta ba na nan.