Karen da Na Ɗauka a Kwando

A shekarar da aka ce Turawa sun miƙa mulki, ni fama nake da birai. Maigidana ya bi ta Illo ya ƙetara Dahome, wadda yau ake kira Benin, da kayan bandar kifi. Ya bar ni da uwarsa, da gonar masara a bakin fadama, da wani jan kare mai kunne ɗaya a karye. Masarar nan ita ce abincinmu har dawa ta nuna. Birai kuwa ba sa ganin mace da gashi a ka. In na yi ihu sai su dube ni su ci gaba da ɓare zangarniya. Haushin karen kaɗai suke tsoro.

Wata safiya ya dawo yana ɗingishi, jini na bin sawunsa. Tsinin kara ne ya tsaga masa tafin ƙafar gaba. Raunin ba zurfi, amma jinin ya ƙi tsayawa. Na ɗaure masa baki da igiya don kada zafi ya sa ya cije ni, na wanke wurin da ruwan ɗumi da gishiri, na zare ɗan sartsen da ya maƙale. Tsumma mai tsabta babu a gidan, sai na yagi bakin zanena na fita unguwa, na danne har jinin ya tsaya, na naɗe ba tare da na matse sosai ba, sannan na kwance masa baki.

Surukata na zaune a tabarma tana kallo.

"Ke ɗiyar ga, kada ki taɓa min tukunya da hannun ga," in ji ta.

"To, Inna."

Na je na cuɗe hannuna da ƙasa da sabulun salo. Kafin in dawo karen ya tsinke ɗaurin da haƙori yana lasar wurin, jini ya sake ɓallewa. Haka muka yi ta yi. In ɗaure, ya kwance, in wanke hannu, in sake yagar zane. Na gaji har na zauna a ƙasa na zage shi tas, shi kuma yana kaɗa mini wutsiya. Daga baya na jiƙa ɓawon maɗaci na shafa a bayan ɗaurin, ɗacin ya sa ya haƙura.

To amma in ya taka ƙasa raunin buɗewa yake, birai kuma sun riga sun cinye gefe guda na gonar. Na dube shi na ga ƙafar ce ta lalace, bakin lafiya lau. Sai na saka shi cikin kwando na ɗora a ka.

Ana ta kiɗan murnar samun mulki a garinmu Bagudo, mutane na tafiya cikin kwalliya, ni ina bin hanyar gona da kare a kai. Mata suka yi ta dariya. Wata ta ce, "Amarya kika ɗauko ko mi?" Na wuce abina, wuyana na ciwo. Kullum in kai shi ƙarƙashin rumfa ya kwanta yana haushi, da yamma in ɗauko shi, in wanke ƙafar, in wanke hannuna, sannan in ɗora tuwo. Kunya ta ishe ni, amma masarar ta tsira.

Da maigida ya dawo ya leƙa rumbu, ya jefa wa karen kan kifi.

"Lalle karen ga ya yi ƙoƙari," in ji shi.

Sannan ya juyo ya dubi zanena, wanda da ƙyar yake rufe mini gwiwa.

"Ke kuma mi ya samu zanenki? Ba ki iya adana kaya."

Na ce masa birai ne. Na shiga ɗaki na kwanta.