Dattijon da Ba Ya Miƙewa

Shekarar da na cika arba'in da bakwai gwiwoyina suka yi mini tawaye. In na yi sujada, sai na dafa bango kafin in miƙe. Likita ya ce ko in motsa jiki in rage tumbi, ko in koma yin salla a kan kujera. Ni, a sahun kujeru, cikin tsofaffin unguwarmu Yantala masu sanda? Wallahi abin ya ci mini rai.

Gudu a titi ba zai yiwu ba, ɗalibaina na ko'ina. Sai muka zauna da maiɗakina muna zaɓen bidiyon motsa jiki a salula. Duk wanda mace ta fito ciki, ta ce a wuce. Samari masu ƙirji a waje kuwa ni na ce a wuce. Daga ƙarshe muka samu wani dattijon bature mai furfura, da rigarsa da wandonsa, muka aminta da shi.

Ashe mutumin nan ba shi da imani. Sai ya yi rabin tsugune, hannuwa a gaba, ya ƙame. Ko ƙiftawa ba ya yi. Wani ɗan zobe yana ta juyawa a kan cikinsa, na ce to, agogonsa ke nan. Cinyoyina na rawa, gumi na ɗiga a tabarma, amma ta yaya zan miƙe wanda ya girme ni bai miƙe ba? Wata rana maiɗakina ta dafa shayi, ta shanye, ta wanke kofi, ta dawo ta tarar da mu a tsugune, ni da shi.

"Malam, ka tashi haka nan."

"Sai ya tashi," na ce.

Wata uku muna haka. Ran nan a lakkol, makarantar da nake koyarwa, wani abokin aikina ya yi kukan gwiwa, na ce ina da maganinsa, na buɗe masa bidiyon. Ga dattijona yana sauka yana tashi kamar ɗan shekara ashirin, har da murmushi. Babu zobe, babu ƙamewa, minti goma an gama. Da na ba shi labarin zoben, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai rezon intanet na unguwarmu ne ke tsinkewa, hoton ya tsaya, zoben kuma alamar jira ce. Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya. Wata uku ina girmama rezo.

Na yi rantsuwa na bar dattijon nan. Jumma'ar nan na tafi masallaci ina ta ƙunƙuni a zuci. Sai da aka yi sallama, ina neman takalmina, na tuna a tsakiyar sahu na tsaya, babu bango kusa, kuma na miƙe ban dafa komai ba. Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu, idona ya cika da hawaye.

Da na koma gida na ɗauki salula da tabarma, na shige ƙuryar ɗaki, inda rezo ya fi lalacewa.