Yayarmu Mai Duba Likitocin Karkara

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan jiya, jim kaɗan bayan sallar asuba, Allah Ya karɓi ran shugabar ƙungiyarmu ta likitocin iyali masu aiki a karkara, wadda manya da ƙanana a cikinmu muke kira Yaya. Ta rasu a ɗakinta, sakamakon ciwon zuciyar da ta daɗe tana fama da shi, wanda ba ta taɓa yarda ya zaunar da ita ba.

Yaya, na daɗe ina jinkirta wannan rubutu, domin ba zan iya faɗin alherinki ba sai na faɗi halin da kika tsince ni a ciki. Yau na yarda in faɗa, tunda ke kika koya mana cewa ba abin kunya ba ne.

A lokacin ni kaɗai ne likita a wani ƙaramin asibiti da titin kwalta bai kai ba. Ni ke duba jarirai da tsofaffi, ni ke karɓar haihuwa idan ta gagari ungozoma, ni ke ɗinke wanda fartanya ta sare. Wata rana aka kawo mini mace mai naƙuda, jini ya ɓalle mata. Motar asibiti ta lalace, ba mu da jinin ƙari. Ta cika a hannuna tana kallona. Na wanke hannu, na kira mara lafiya na gaba, domin layi bai ƙare ba.

Bayan wasu makonni na fara ganinta. Da rana tsaka take zuwa, idan jama'a sun watse, dogon bencin da ke baranda ya zama wayam. Tana zama a can ƙarshensa, katinta a hannu, gefen zaninta a jiƙe. Ba ta magana, ba ta kuka. Jiran layi kawai take yi. Idan na rufe ƙofa, sai in ji ƙarar silifas ɗinta a hankali ta zo ta tsaya. Na daina cin abinci, na daina wasa da 'ya'yana. Ban gaya wa kowa ba, don ina tsoron a ce likita ya zautu a karɓe lasisina. Ranar da nas ɗinmu ta same ni tsaye ina ba wa benci haƙuri, ita ce ta gaya wa matata, matata kuma ta nemo lambarki.

Washegari sai ga tsohuwar motarki, wadda kike cewa ta fi ki yawan cututtuka amma ta ƙi zuwa asibiti. Ba ki tambaye ni ko ina sallah ba, ba ki ce in yi ta maza ba. Kika dubi barandar, kika ce, "Ƙanena, a ina take zama?"

Na nuna miki. Kika je kika zauna kusa da wurin, kika bar mata gurbinta.

"Nawa tsoho ne," in ji ki. "A bakin ƙofar ɗakin allura yake tsayawa, da sandarsa. Ya daɗe yana bina kafin in yarda in ga likita. Ciwo ne, kuma yana da magani. Tattara kayanka."

Da kanki kika kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa a birni, kika dawo kika riƙe asibitina har na samu sauƙi. A kan tabarma kike kwana a ofishina. Mutanen ƙauyen har yau suna tambayar "likitar nan mai faɗa", domin kin hana su kawo mini marasa lafiya gida ranar hutuna.

Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ne. Akwai wadda ta yi shekara ba ta yi barcin kirki ba, akwai wanda ya koma shan maganin da yake rubuta wa mutane. Kin bi mu ɗaya bayan ɗaya ta hanyoyin da direbobi ke ƙin bi. Kina cewa kowa ya faɗi sai a kira likita, amma likita ya faɗi sai a kira shi malalaci.

Ina wurin ranar da kika shiga ɗakin taron ma'aikatar lafiya, bayan mun binne wani matashin abokin aikinmu da ya kashe kansa a ɗakin da yake duba marasa lafiya. Manya suna zaune, shayi na tiriri a gabansu. Kika buɗe jaka, kika ciro abin sauraren ƙirjinsa, kika ajiye a tsakiyar tebur.

"Ranka ya daɗe," kika ce wa shugaban zaman, "mahaifiyarsa ta ce in dawo muku da kayanku. Ta ce sau nawa ya roƙi a turo mai canjinsa?"

Ba wanda ya ƙara taɓa kofinsa. Ba a ranar aka amsa miki ba. Kin sha zirga-zirga, an sha ce miki ki dawo gobe. Amma a ƙarshe aka samar da likitoci masu zagayawa su karɓe mu mu huta, aka buɗe layin waya da likita zai kira a asirce, aka kuma amince cewa neman maganin damuwa ba zai ci aikin kowa ba.

Akwai abin da ya faru ranar rasuwarki, wanda har yanzu ban san yadda zan fassara shi ba. Da hantsi, ina tsakiyar duba wani dattijo, wayata ta yi ƙara. Muryarki ce, sai dai ta yi nisa, kamar daga cikin rijiya. Kika ce, "Ƙanena, yarinyar nan sabuwar likita da ke hayin kogi ta daina ɗaga waya. Ni ba zan samu zuwa ba. Ka je yau." Kafin in gaishe ki, layin ya yanke.

Da azahar aka sanar da mu kin rasu tun asuba. Na duba wayata, ban ga alamar kiranki ba. Na tambayi dattijon, ya ce ya dai ga na kara waya a kunne ina cewa to. Na ce a raina ciwona ne ya dawo. Duk da haka na tafi.

Na isa da la'asar. Marasa lafiya na zaune a gindin bishiya, suna jiran ta. Kwanon abinci na ajiye a ƙofar ɗakinta, tururuwa ta rufe shi. Daga ciki ba a jin komai sai zubar ruwan famfo. Da ni da masu jiran muka ɓalle ƙofar, muka same ta tsaye tana wanke hannu, fatar yatsunta duk ta saɓule. Tun jiya take wurin. Wani yaro ne ya rasu a hannunta, ta ce jininsa ya ƙi fita. Na rufe famfon, na naɗe mata hannu, na kai ta birni. Yanzu tana gidan iyayenta tana murmurewa.

Da na je ta'aziyya, maigidanki ya gaya mini cewa maganarki ta ƙarshe a kan yarinyar ce, kin ce a tuna miki ki kira ni idan gari ya waye. Na koma wurin likitana na ba shi labari dalla-dalla. Ya ce in ci gaba da shan maganina, in kuma gode wa Allah da na je.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, wanda ya haƙura da rashinki a gida saboda mu, ga 'ya'yanki, ga mahaifiyarki da ke binne ɗiyarta a cikin tsufa, da ga duk likitan da ke zaune shi kaɗai a wani asibiti mai nisa.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki Ya yalwata shi. Yadda kika cire wa bayinSa firgici, Allah Ya amintar da ke daga firgicin ranar tsayuwa. Allah Ya ba iyalinki haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen idan lokaci ya yi. Amin.