Mai Gyaran Laima da Matarsa Mai Wanki

Mai gyaran laima ya auri mai wanki, kuma tun suna amarci suka bar wa sama rabon mulkin gidansu. Damina tasa ce. Da hadari ya haɗo sai ya baje wayoyi da filaya a bakin ƙofa yana taka rawa, yana cewa, "Uwargida, kwashe shanyarki, yau ni ke da gari!" Da rani kuwa ita ke ba da umarni, shi ke ɗaura mata igiya yana zumɓura baki.

Yanzu yanayi ya rikice. Zafi ya ƙaru, ruwa ya daina sallama, sai a yi ta juyin mulki tun kafin azahar.

Ran nan ta gama shanya zannuwan gado ke nan, ga rana ƙwal, ruwa ya ɓarke. Ya daka tsalle zai yi mata gwalo, sai ya ga idonta ya ciko. Da gudu ya kwaso laimomin mutane, gyararru da karyayyu, ya bubbuɗe su bisa igiya, ya jiƙe sharkaf, ita kuwa har da riƙe ciki don dariya.

"Malam, yau mulkin wa ke nan?"

"Nawa mana! Ba ki ga ni nake jiƙewa ba?"