Kwando Mai Jan Ƙyalle

Mu a gidanmu banda muke yi. Baba ya kamo kifi a tafkin Kainji, ni da Inna mu gyara, mu lanƙwashe tarwaɗa mu soke ta da tsinke, mu jera bisa wayar murhu. Idan ta bushe sai a kasa biyu. Na kasuwa, wanda za a zuba a kwali a kai Yelwa, ana yayyafa masa fiya-fiya, maganin ƙwarin nan na 'yar kwalba, don kada tsutsa ta cinye shi a hanya. Gidaje da yawa a bakin ruwanmu haka suke yi, ana cewa kafin ya isa inda za a ci maganin ya huce. Na gida kuwa ba a sa masa komai. Kwandonsa daban yake, Inna ta ɗaura masa jan ƙyalle a hannu tun ina ƙarama.

A daminar da na gama sakandare ne aka bar mini aikin yayyafin. Wata safiya na shanya kashi biyun a tabarmi biyu. Na ga ƙwari sun yi yawa a na kasuwa, sai na zuba maganin ba tare da na sirka shi da ruwa sosai ba. Kafin azahar hadari ya taso daga wajen Shanga. Na kwashe kifin a guje, ruwa na dukan bayana, na tura kwandunan ɗakin ajiya. Ban tsaya duba wanne na zuba a wanne ba.

Washegari ina ramuwar azumi. Inna ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka, ta ɗebo kifi daga kwando mai jan ƙyalle. Ƙanwata, autarmu, shekararta bakwai, ba ta iya jiran miya. Ta saba ta zura hannu a kwandon ta ɗauki guda ta zauna bakin ƙofa tana gutsura. Ranar ma haka ta yi, har biyu. Da la'asar ta fara amai, yawu na zuba daga bakinta, gumi ya jiƙe rigarta, namanta na rawa kamar ana jan sa da zare. Baba ma ya kwanta yana murɗawar ciki. Inna, da ba ta cika cin kifi ba, jiri kawai ta yi. An ɗauki auta a babur, Inna na rungume da ita. Ba su kai asibiti ba.

Ni tun ranar na yi zargi. Na shiga ɗakin ajiya na sunsuna kwandon, sai ƙaurin hayaƙi kawai nake ji, ko kuma shi nake so in ji. Na tura shi can ƙurya na kifa masa tsohon buhu.

Bayan sadakar uku wata mata ta zo gidanmu da farar kula mai ƙanƙara a hannu. A asibitin da aka kwantar da Baba ta ji labarinmu. Ta ce daga wata jami'a take, tana bin garuruwan bakin ruwa daga Ngaski har Shanga tana ɗibar jinin masu banda da manoman shinkafa masu feshi. Kowa Dakta yake ce mata, ita kuma tana ta nanata cewa ba ta ba da magani, jini kawai take karantawa. Inna ta ce ai ko ƙwayar ciwon kai ta taimaka mata da ita. Dakta ta yi murmushi ta laluba jakarta ta ba ta tata.

Da ta ji na yi ajin kimiyya, sai ta sa ni riƙe mata kula, tana yi mini bayani. Ta ce a cikin jini akwai wani furotin da irin wannan guba ke kamawa ta manne masa. Gubar da ke yawo a jiki tana fita cikin 'yan kwanaki, amma wadda ta manne tana daɗewa. A ɗakin bincikensu akwai na'ura da ke auna nauyin abin da ido ba ya gani. Sai su yanyanka furotin ɗin gutsu-gutsu, na'urar ta auna kowane gutsure. Wanda guba ta kama zai fi 'yan uwansa nauyi, kuma daga yawan ƙarin za a gane dangin gubar.

"Kamar tarwaɗar da ta haɗiye ƙugiya," in ji ta. "A ido iri ɗaya ce da sauran, amma sikeli ya sani."

Na dire kular a ƙasa na kau da kai. Ta ɗauka jini nake tsoro.

Ta ɗebi jinin Baba da na Inna, sannan ta roƙi a ba ta kaɗan daga kifin gidan. Inna ta miƙe. A garinmu ba a ba baƙo kifin da ya kwana biyu, balle baƙuwa mai mota da ta zo gaisuwa. Ta wuce ɗakin ajiya ta nufi sabuwar bandar da gwaggona ta kawo mana don masu ta'aziyya, ta zaɓo manya uku masu sheƙi ta naɗe a takarda. Dakta ta tambaya ko irinsa aka ci ranar. Inna ta ce ai duk kifin ruwan nan ɗaya ne. Ina tsaye, na gani, na ji. Ban buɗe baki ba.

Sai da aka yi mako biyu kafin ta dawo. Ta zauna a tabarma ta buɗe takarda mai zane, layuka tsaitsaye kamar karan gero bayan girbi, wasu dogaye wasu gajeru. Ta ɗora yatsa kan wani ta ce wannan bai kamata ya kasance a jinin mutum ba, kuma ga shi a na Baba, dogo, a na Inna ma akwai ɗan kaɗan. Maganin ƙwari ne. Amma kifin da ta tafi da shi tas yake. Don haka dole ta wata hanya gubar ta shiga gidan. Ta tambayi Baba ko ya yi feshi a makon.

Baba ya ce ya fesa gonar shinkafarsa kwana biyu kafin abin. Ya ce da ya dawo auta ce ta tare shi a ƙofa, ta karɓi jarkar ruwansa ta sha, ya ɓare mata gyaɗa da hannunsa. Dakta ta ce kada ya yanke wa kansa hukunci, ba ta tabbatar ba. Bai ji wannan ba.

Daga ranar Baba ya daina shiga ruwa. Jirginsa na ɗaure a gaɓa har ruwan sama ya cika shi. Yakan zauna gindin mangwaro yana kallon tafin hannunsa, idan aka kai masa abinci ya ce a ajiye. Wanke hannu yake yi har fatar ta tsage. Abokan sunsa suka zo suka zolaye shi, wai giwan ruwa na tambayar ina ya shige, ko ya yi dariya. Ya ce musu su gaishe shi. Ni ke kai masa butar. Kullum sai in ce yau zan faɗa, in na iso gabansa sai in ajiye butar in juya.

Ana saura kwana biyu sadakar arba'in, Dakta ta biyo ta garinmu za ta Warrah, ta tsaya duba Baba. Tana zaune ne Inna ta ce in ɗauko mata kwando mai jan ƙyalle ta ga abin da ya rage, a yi miyar sadaka da shi, tunda an ce kifi ba shi da laifi. Na tuna yaran maƙwabta da za su zo da kwanoninsu. Na shiga na ɗauko kwandon, amma a gaban Dakta na ajiye shi.

"Wannan aka ci ranar," na ce. "Na kasuwa ne. Ni na zuba mishi magani, ni na haɗa kwandunan."

Inna ta dube ni. "Ɗiyar nan, mi kika ce?"

Na maimaita. Muryata kamar ta wata.

Ba wanda ya yi kuka. Dakta ta sa safar hannu ta ɗebi kifi biyar ta ƙulle a leda, ta ce sauran a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne, har da kwandon. Inna ta zauna a turmi ta daɗe tana kallon jan ƙyallen. Abin da ta ce kawai shi ne ita ta koya mini zuba maganin, ita ma innarta ta koya mata. Baba yana gindin mangwaro, ya ji komai. Shi ya tashi ya ɗauko fartanya ya haƙa ramin.

Bayan mako uku Dakta ta kira wayar Baba. Ta ce ta sami tabon maganin a naman kifin, irin wanda ta gani a jininsa. Ya ce ya gode, ya kashe wayar. Da asubar da ta biyo ya kwashe ruwan da ke cikin jirginsa.

Bai taɓa ɗaga mini maganar ba. Yana cin abincin da na dafa, yana kiran sunana idan yana son ruwa, amma har yau bai kalli fuskata ba, ni ma ban kalli tasa ba. Mun daina sa fiya-fiya. 'Yan kwali masu saye su kai Yelwa suna ƙin kifinmu saboda tsutsa, maƙwabta kuma suna nan suna yayyafa wa nasu. Idan iska ta kwaso warin maganin ta saman katanga, sai in ajiye duk abin da ke hannuna in zauna a ƙasa har ya wuce.