Wayar da Inna take ajiyewa a kan matashi

Na Allah ne mu duka, gare Shi kuma komawarmu take. Ranar Talata, tara ga wata, ina wurin wankin motoci da tiyo a hannu, matata ta kira ta ce Inna, mahaifiyarta, ta rasu da hantsi. Na kashe famfo, na sake kunnawa, don motoci shida na layi. Takarduna na zama a ƙasar waje ba su bar ni na zo jana'iza ba.

Inna, ba zan yi miki ƙarya yau ba: ba mu yi shiri ba. Ke kika ce mini a gaban mutane, "Ka bar jaririya a zanin goyo, neman me za ka?" Shekara huɗu maganar tana ci na.

Amma ke kika hana 'yata manta muryata. Kullum bayan isha'i ki wanke mata ƙafa da ruwan ɗumi, ki rage fitila, ki kira ni, ki ajiye wayar a kan matashinta. "To, ɗan birni, biyo mana hanya. Ban da alkawarin dawowa, ban da zancen tsaraba." Sai in ba ta labarin tafiyata daga aiki zuwa ɗaki: motar haya mai shuɗin kujeru, gadar da jirgi ke bi ta ƙarƙashinta, mai burodi yana jan ƙofarsa, matakalar benenmu arba'in da biyu. In na yi sauri ki yi gyaran murya. Ina jiyo tafinki a bayanta, a hankali, kamar ɗigar ruwa bayan an ɗauke ruwan sama. Wani lokacin ni nake riga ta barci, da takalmina a ƙafa.

Tun rasuwarki ba ta runtsa ba sai da kuka. Jiya uwarta ta kira, murya a dishe, ta ajiye mata wayar. Na fara da motar haya, yarinyar ta katse ni.

"Baba, ba wannan ba. Hanyar wurin Kaka."

"Ban san ta ba, uwata."

"To fara daga ƙofar gidanmu."

Na fara. Muka wuce shagon tela, muka wuce bishiyar bakin makaranta, wadda ban san ko tana nan ba har yanzu. Hanya ta yi laushi, ta yi haske, ban san inda zan kai ta ba. Allah Ya rufa mini asiri, numfashinta ya kwanta, barci ya ɗauke ta kafin mu sha kwana.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya yafe miki, Ya sa kwanciyarki hutu ce. Na yafe miki; da ma a ce na faɗa kina ji. Ga matata da 'yan'uwanta, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ta bari. Amin.