Injin Tafiyar da Muka Sayo wa Inna

Shekarun baya, shekarar da damina ta ƙi, sojoji kuma suka karɓe mulki, mahaifinmu, Malam, ya rasu a Matameye, Allah Ya ji ƙansa. Mahaifiyata, wadda muke ce wa Inna, ta shiga takaba. Da ma tana da ciwon suga, amma tafiya ce ke riƙe da ita, don kullum da hantsi takan kai masa fura garkarmu ta rake a bayan gari, su dawo tare. Da ya tafi sai ta zauna wuri guda. Ba ta kuka, ba ta hira, ko sunan garka ba ta son a ambata. Ana nan ƙafafunta suka fara kumbura.

Da abin ya tsananta na kai ta asibiti a Damagaram. Likita ya ja ni gefe ya ce, "Magani kaɗai ba zai yi ba. In ba ta tafiya kullum, ina jin tsoron ƙafar nan."

Na ce masa takaba take yi, kuma ta ce ita ba kaza ba ce da za ta riƙa zagaya tsakar gida gaban masu zuwa gaisuwa. Sai ya ce akwai wani inji, su suna ce masa tapi, mutum ya yi ta tafiya a kansa cikin ɗaki. A Kano ake samu.

Ni ne auta, lokacin ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, ina jin babu abin da ban sani ba. Na bi ta iyakar Ɗan Barto na sauka wurin yayana da ke cin rani a Kano, ya kai ni wani shagon kayan gwanjo a Sabon Gari. Inji biyu muka tarar. Ɗaya ƙato mai lantarki, da maɓallai da fitilu, har bugun zuciya yake nunawa. Ɗayan kuwa ɗan tsamurarre ne an jingine shi a lungu, ba waya ba fitila, ƙafarka ce ke tura shi.

Ni da Yaya duk ƙaton ya tafi da mu. Yaya ya ce, "Innarmu ce fa. Abin da ya fi kyau za a kai mata."

Mai shago ya ce in hau in gwada. Na hau da babbar rigata, ina taku ina murmushi kamar gwamna na duba fareti. Ya danna wani abu, ƙasa ta fara gudu ƙarƙashina. Na kai hannu in rage, ashe ƙarawa na yi. Kafin in ce wayyo, injin ya tofar da ni baya, na zube cikin tsoffin fankoki, hula can, takalmi can.

Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na so in yi, amma ina nan kwance sai na ga Inna a kansa, da zaninta da mayafi da carbi a hannu. Na ce, "Yaya, in ita ce fa?" Dariyar ta tsaya. Muka jawo na lungu. Yana da ƙarfen dafawa hagu da dama, in ka tsaya ya tsaya, kuma ba ruwansa da ɗaukewar wutar garinmu. Shi muka ɗauka, abin da ya rage na kuɗin Yaya ya sai masara ya haɗa ni da ita.

A wani shinge bayan iyaka wani soja ya buɗe tabarmar da na naɗe shi da ita, ya ce, "Wannan na niƙa ne?" Na ce na tafiya ne. Ya ce, "Ina yake kai mutum?" Na ce ko'ina ba ya kaiwa. Ya dube ni da tausayi ya ce mu wuce.

Inna ma ba ta yi murna ba. Lokacin kullum mata daga ƙauyukan Dungu suna sallama a ƙofar gida, da goyo, suna neman aikin daka ko wanki don a ba su hatsi. Ta kalli injin ta ce, "Auta, mutane na tafiya neman abin da za su ci, ku kuma kun je kun sayo tafiya?" Masarar ta karɓa ta yi ta rabo. Injin kuwa ya zama wurin shanya mayafi. Kullum in duba ƙafarta, in fita in rasa inda zan sa kaina.

Goggo ce ta cece mu, ƙanwar mahaifinmu da ke aure a Kurni, mace mai baki. Ta zo kwana biyu, ta ji labari, ta kwashe shanyar ta ce wa Inna, "Yaya, tashi ki raka ni garka."

Inna ta ce, "Kin san ba na fita."

"Wa ya ce ki fita? Hau nan. Ni zan faɗa miki inda muka kai."

Ina jin kunyarta ce ta sa Inna ta hau. Ta dafa ƙarfe, ta tura ƙafa a hankali. Goggo ta miƙe ƙafa a tabarma tana cewa, "To, mun bar zaure. Ga masallaci. Mun wuce maƙera. Ga mu a rijiya."

Inna ta ce, "A'a, kin yi sauri. Ba a kai rijiya ba sai an wuce giginyun nan. Nan Malam yake tsayawa in za mu dawo, wai rairayi ya shiga takalminsa. Alhali hutawa yake so in yi, ba ya son ya faɗa."

Ranar ce ta fara ambatonsa tun da aka fita da shi. Tana tafiya tana faɗa, hawaye na sauka, Goggo ma tana share nata, amma ba ta bar ta ta sauka ba sai da suka kai garka suka dawo. Ni ina bakin ƙofa, na kasa shiga, na kasa tafiya.

Daga nan kullum da hantsi sai ta ce, "Auta, zan je garka," ta shiga ɗaki. Kumburin ya riƙa sauka a hankali. Ta fita takaba dab da faɗuwar damina, ta yi shekaru masu yawa bayan haka a kan ƙafafunta biyu, kafin ita ma ta amsa kira.

In na tuna shekarar nan, mamaki nake yi. Shekara ce ta yunwa da rashi, amma ita na fi kewa, don a cikinta na san iyayena fiye da duk sauran shekarun. Na kuma gane cewa in za ka zaɓa wa mutum abu, idonka ba shi ne ma'auni ba, ƙafarsa ce.

Injin yana gidana yanzu. Shimfiɗarsa ta suɗe ta gefen hagu, don ta nan Inna take jingina nauyinta. Kwanaki wani makaniki ya ce in kawo ya canja mini sabuwa. Na ce masa a bar ta haka.